Masu Busa na Balkan da 'Yan Uwansu Masu Algaita

A garin Guca da ke ƙasar Sabiya, tun 1961 ake gasar masu busa ƙaho. Makaɗan ba sa tsayawa kan dandamali kaɗai. Tebur-tebur suke bi inda ake cin gasasshen nama, su kafa wa mutum bakin ƙaho a kunne har sai ya zaro takardar kuɗi ya manna wa mai busa a goshi, ko ya cusa a bakin ƙahon. Manomin Kura ko Bunkure da ya sayar da shinkafa ya aurar da 'yarsa ba ya buƙatar a yi masa bayani: liƙi ne, tsagwaronsa.

Da yawa daga gwanayen wannan busa 'yan ƙabilar Roma ne, waɗanda kakanninsu suka baro arewacin Indiya kimanin shekara dubu da ta wuce. Gado ne a wurinsu, ɗa ya karɓa daga uba. Ba a biki sai da su, har jana'iza ma suna rakawa, amma da taro ya watse sai a koma kallonsu a raine. Maroƙin Hausa ya san wannan zama.

Dangantakar ta wuce nan. Kafin ƙahon tagulla ya shigo, abin busar Romawa a yankin Balkan shi ne zurla, ana raka ta da babbar ganga. Zurla kuwa da algaitar da ake busa wa hakimi ranar hawan salla dangi ne: dukansu da ɗan karan da ake sawa a baki, dukansu mai busa kan kumbura kumatu ya riƙa jan iska ta hanci don kada sautin ya yanke. Da Sarkin Musulmin Turkiyya Mahmud na Biyu ya rushe tsohuwar ƙungiyar makaɗan soja a 1826, sai badujala irin ta Turai ta maye gurbinta, ƙahonin suka gangaro ƙauyuka, aka ɗora musu tsofaffin taken zurla.

Mutanen ƙungiyar masu busa ƙaho ta Fanfare Ciocărlia daga Zece Prăjini suke, wani ƙauye a Romaniya, kuma a da a bukukuwan aure suke neman na cefane. A 1996 wani Bajamushe, Henry Ernst, ya ji su, ya kai su Jamus. Yau suna cika zaurukan Turai da Amurka da Japan, da busa mai gudu kamar ana tsere.

A nan gida lamarin ya sha bamban. Ruwan dam ɗin Tiga ya kawo kuɗin noman rani yankin Kadawa, biki ya yi armashi, amma galibin kuɗin kiɗa yanzu mai na'ura da manyan lasifika ke kwashewa. Mai algaita, duk da gwanintarsa, ya fi samun kira ne idan hakimi zai hau.