Ko Kun Sani? Wutar Gyaran Zobe Na Iya Ƙona Daiman

Dutsen daiman, duk da ya fi kowane dutse tauri, yana iya ƙonewa a hannun maƙerin da ke gyaran zoben baiko na filatinam. Filatinam ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,768 a ma'aunin Salshiyas, alhali zinariya tana narkewa tun a 1,064. Shi kuwa daiman zallar kabon ne, sinadarin da ke cikin gawayi, kuma da zarar zafi ya kai wajen digiri 800 cikin iska sai ya fara ƙonewa. Fuskarsa mai ƙyalli ta dishe, ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata toka. Babu wankin da zai dawo da ita, sai an sake goge dutsen, nauyinsa ya ragu. Wannan babbar asara ce ga zoben da aka ƙulla alkawarin aure da shi. Shi ya sa ƙwararren maƙeri ke cire dutsen kafin ya kunna wuta, ko ya yi waldar da na'urar leza, wadda ke sauke zafinta kan ɗan ɗigo guda kawai.