Al-Balad, Zauren Makka

A gidan Bahaushe baƙo ba ya afkawa ciki kai tsaye. A zaure yake sallama, ya sauke kaya, ya sha ruwa, sannan a yi masa iso. Aikin da Al-Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ta yi wa Makka ke nan tun wajen shekarar 647, lokacin da Halifa Usman ɗan Affan ya mayar da garin tashar jiragen ruwan Makka a bakin Bahar Maliya.

A da, akasarin mahajjatan da suka biyo ta ruwa nan suke sauka, ko daga Indiya suka fito, ko Jawa, ko Masar. Har da kakanninmu da suka shafe shekaru suna ratsa Sudan a ƙasa, suka tsallako daga Suwakin. Da yawa ba su koma gida ba.

Gidajen unguwar abin kallo ne. Da dutsen murjani na bakin teku aka gina su, hawa huɗu ko biyar, aka yi musu tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin. Iska na shiga, rana ba ta dukan ɗaki, matan gida suna ganin titi ba a ganinsu. Wanda ya tsara haka ya san zafin Jidda, ya kuma san mutunci. Bayan buɗe mashigin Suwez a 1869 kasuwa ta haɓaka, attajirai suka yi ta ɗora bene. A ɗaya daga ciki, gidan Nasif, Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925.

Ganuwar garin da aka gina a farkon ƙarni na 16 don tsoron Turawan Fotugal, an rushe ta a 1947. Kuɗin mai ya zo, masu gidaje suka koma arewacin gari, mahajjata suka koma jirgin sama. To, in aka huda wa gida sabuwar ƙofa, tsohon zaure sai ya zama wurin jibge tarkace. Aka bar gidajen ga 'yan haya, wasu suka rufta, wasu gobara ta cinye. Wannan sakaci ne babba.

A 2014 UNESCO ta saka unguwar cikin wuraren tarihi na duniya, gyara kuma yana ta gudana. Alhaji, Hajiya, in Allah ya kai ku Jidda, kada ku tsaya a sayen tsaraba kawai. Ku shiga ta Bab Makka, ku zaga lungunan da kakanninku suka taka.