Yadda Ake Gyara Rumfar Da Ta Ruɓe

Da wuya ka shiga gida a nan Gwandu ba ka ga rumfa a jikin ɗaki ba. Tamu tana jikin ɗakin kakata, a nan take shan iska, a nan kuma ƙannena suke biya allonsu. A watan Agusta, bayan wani ruwa da aka kwana ana yi, sai muka wayi gari ta karkace. Da na taɓa dirka ɗaya sai ta yi motsi kamar haƙorin da ya kusa fita. Baba ya hana kowa zama a ƙarƙashinta, ya kira kawuna da yake aikin kafinta a Kalgo. Ni na riƙa miƙa masa kayan aiki, ga kuma abin da na koya.

Dirka daga gindi take fara ruɓewa, daidai inda ta haɗu da ƙasa, domin nan danshi yake zama. Danshin yana sa itacen ya yi laushi, gara kuma ta samu hanya ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Shi ya sa za ka ga dirka lafiya lau a ido, alhali cikinta ƙasa ce zalla. Gwajin ba wuya. Ka tone gindin kaɗan ka soka ƙusa da hannu. In ta shige ba sai da guduma ba, to dirkar ta tashi aiki.

Abin da ya ba ni mamaki, Kawu sama ya fara dubawa. Ashe indararon ɗakin ne yake zubo ruwa a gindin dirkar nan shekara da shekaru, mu kuwa ba mu lura ba. Ya ce in ba a kawar da ruwan ba, sabuwar ma haka za ta yi. Sai aka ƙara wa indararon tsawo, aka yi 'yar hanyar ruwa zuwa rariya.

Kafin a cire ruɓaɓɓiyar dirka dole a tokare rufin da wasu itatuwa, in ba haka ba kwanon zai rufto wa mai aiki. Ya kuma duba azarar da ta shiga cikin bango. Tamu ta giginya ce, ba abin da ya same ta.

Dirka mai ƙarko ita ce ta ƙirya ko marke, amma yanzu ƙirya ta yi wuyar samu saboda masu gawayi. Mu dai dogon yaro muka samu, busasshe. Aka ɓare shi, aka babbaka gindin a wuta har ya yi baƙi, sannan aka shafe shi da baƙin mai na inji. Baƙin man nan guba ne, kada a yi aikin kusa da rijiya. Ramin ya kai ƙafa 2. Aka zuba tsakuwa a ƙasansa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, aka kafa dirkar, aka cika da kankare aka yi masa tudu a sama yadda ruwa zai gangare.

Kwana 3 muka yi muna yayyafa wa simintin ruwa kafin Kawu ya cire tokarin. Ko shara ba mu gama ba Kaka ta fito da tabarmarta.