Busasshiyar Allura: Maganin Ƙullin Tsoka

Da wuya a shiga gida a zangunanmu, daga Nima har Kumasi, a rasa mai kukan ciwon wuya ko kafaɗa ko gadon baya. Teloli da direbobi da 'yan dako su suka fi shan wannan wahala, domin aikinsu yakan tilasta wa tsoka ta daɗe a ɗaure. Mu dai abin da muka saba shi ne shafa man zafi, ko a kira wanzami ya yi ƙaho. To, akwai wata hanya da likitocin gashi, wato ma'aikatan fisiyo, suke bi a ƙasashe da dama, ana ce mata busasshiyar allura.

An sa mata wannan suna ne saboda ba a ɗura wani magani a cikinta. Siririyar allura ce ƙwarai, ba ta da rami. Likita yakan lalubi tsoka da yatsa har ya sami wani ɗan ƙulli mai tauri, wanda idan an danna shi zafin yakan harba zuwa wani wuri dabam, kamar ƙullin kafaɗa da ke jawo ciwon kai. Sai ya soka allurar a daidai wurin. Sau da yawa tsokar takan yi zillo, sa'an nan ta saki.

Asalin wannan ilmi daga Amurka yake. Dokta Janet Travell, wadda ta zama likitar Shugaba Kennedy a 1961, ta daɗe tana nazarin waɗannan ƙulle-ƙulle, kuma a 1983 ita da Dokta David Simons suka wallafa babban littafi a kansu. A 1979 kuwa wani likita ɗan ƙasar Cekoslobakiya, Karel Lewit, ya bayyana cewa sukar allurar kanta tana rage ciwo ko da ba a sa magani ba. Allurar ta yi kama da ta gargajiyar Sinawa, amma wannan aiki an gina shi ne bisa sanin tsarin tsokar jiki.

Sai dai kada mu ɗauke ta maganin komai. Sauƙin da take bayarwa galibi na ɗan lokaci ne, saboda haka akan haɗa ta da motsa jiki da gyara yadda mutum yake zama ko ɗaukar kaya. Wurin yakan yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Babban hatsarin kuwa shi ne, idan wanda bai ƙware ba ya soka ta a kusa da ƙirji ko saman baya, tana iya huda huhu. Allurar da aka yi wa wani da ita kuma tana iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini lalle su faɗa wa likita tun kafin a fara.

Don haka, jama'a, wannan ba aikin wanzami ba ne, ba kuma na mai kantin magani ba. Manyan asibitoci irin su Korle Bu da Komfo Anokye suna da sashen fisiyo, can ya kamata mu kai ciwonmu a duba. Idan an ce za a yi mana allurar, mu tambaya ko mai yin ya sami horo a kanta, mu kuma tabbata an buɗe sabuwa a gabanmu. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.