Renon Dashen Kayan Lambu Da Fitilar LED A Cikin Ɗaki

A 'yan shekarun nan an fara tallata wata irin fitilar lantarki da ake kira LED ga masu sha'awar lambu a manyan garuruwan ƙasar nan, ana cewa da ita mutum zai iya renon dashen tumatir da tattasai da kabeji a cikin ɗakinsa, ba tare da hasken rana ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ya kamata jama'a su san inda wannan dabara ta samo asali, da wanda za ta amfana, kafin kowa ya zuba kuɗinsa a ciki.

Dabarar ta ƙasashen sanyi ce. A birnin London na Ingila, alal misali, tsawon yini a tsakiyar Disamba ba ya cika awa 8, ga shi kuma sanyi yana kashe ƙaramin tsiro a waje. Sabo da haka masu lambu a can sukan shuka iri a ɗaki tun hunturu bai wuce ba, su kunna masa fitila, don ya isa dasawa da zarar gari ya yi ɗumi. Nijeriya kuwa Allah ya hore mata yini mai tsawon awa 11 zuwa 13 duk shekara. Manomin da ke da fangali a Kadawa ko Ɗanja, ko a fadamar garinsu, ba ya bukatar wannan fitila, domin hasken rana tsaka ya ninka hasken ɗaki fiye da sau ɗari, kuma ba a biyan ko kwabo a kansa.

Wanda fitilar ke yi wa rana shi ne mazaunin birni, a Legas ko Abuja ko Kano, wanda yake gidan bene ko gidan haya, ba shi da filin da rana ke daɗewa a kai. Haka kuma mai renon iri mai tsada da damina, lokacin da ruwa mai ƙarfi ke kwantar da ƙananan tsirrai, ko mai gudun kaji da awaki da ƙwari. Manoman tumatir ba su manta da shekarar 1437 ta Hijira, watau 2016, ba, sa'ad da tsutsar nan da suke kira sharon ta cinye gonaki a jihohin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Dashen da ya tashi a killataccen wuri yakan fita da lafiyarsa, ko da yake wannan ba ya hana ƙwaro samunsa daga baya a gona.

Abin da ya bambanta ta da sauran fitilu

Tsiro yana haɗa abincinsa ne a ganye, da ruwa da iska da haske. Sinadarin da ke ba ganye launin kore ya fi shan haske mai launin ja da mai launin shuɗi. Tsohon ƙwan lantarki mai zaren wuta a ciki yana mai da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zuwa zafi, don haka in aka kusantar da shi sai ya ƙona ganye, in aka nisantar da shi kuma haskensa bai isa ba. LED tana ba da haske mai yawa da wuta kaɗan, zafinta kuma ba shi da yawa, shi ya sa ake iya sauko da ita dab da tsiro.

An ƙera LED mai jan haske a Amurka a 1962, amma mai shuɗi ta gagari masana har farkon shekarun 1990, lokacin da waɗansu Japanawa uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka ci nasara a kanta. An ba su kyautar Nobel a 2014. Daga shuɗiyar ne aka sami farar LED da ta cika kasuwa yau. Akwai fitilun da aka haɗa ja da shuɗi kurum, waɗanda ke mai da ɗaki jaja-jaja, amma don renon dashe farar ma ta wadatar, musamman wadda aka rubuta 5000K zuwa 6500K a kwalinta. Tana da wata fa'ida kuma: a ƙarƙashinta ana ganin ainihin launin ganye, a gane cuta da wuri.

Yadda ake aiki da ita

A sami faranti mai ramuka irin na renon iri, ko ƙananan kofunan roba da aka huda gindinsu, a cika da ƙasa mai laushi wadda aka gauraya da rairayi da ruɓaɓɓen taki. Ƙwayar tumatir takan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10. Tattasai da attarugu sukan ɗauki mako biyu ko uku, kada a ɗauka sun mutu. A kunna fitila ranar da kan tsiro ya leƙo.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rataye fitilar a rufin ɗaki kamar ta karatu. Idon mutum zai ga wuri ya haskaka, alhali kuwa tsiro yana cikin yunwa. Alamarsa a fili take: kara ya miƙe siriri, ya yi tsawo ba ƙwari, ganye ya koɗe, daga bisani ya langaɓe. Irin wannan dashe ba ya jure rana da iska in an kai shi gona. Ƙaramar fitila mai wat 20 zuwa 40 a sa ta santimita 15 zuwa 30 daga saman ganye, watau inci 6 zuwa 12, a riƙa ɗaga ta yayin da tsiro ke girma. In gefen ganye ya fara fari ko naɗewa, ta yi kusa da yawa.

Tun da haskenta bai kai na rana ba, sai a rama da tsawon lokaci: awa 14 zuwa 16 kowace rana. Amma lalle a kashe ta da dare. Tumatir musamman ba ya son haske ba yankewa. In aka bar masa fitila dare da rana, ganyensa yakan yi ɗigo-ɗigon rawaya. Ban ruwa kuma a yi shi da awo, domin ƙasa mai jagwab a ɗakin da iska ba ta ratsawa tana jawo cutar da ke ruɓar da gindin tsiro, a wayi gari a tarar da faranti duka a kwance. A nisantar da waya da soket daga ruwa da hannun yara.

Batun kuɗin wuta mai sauƙin lissafi ne. Fitila mai wat 20 in ta yi awa 16 a kunne kullum, cikin kwana 30 za ta ci yunit 9.6 a mita. Matsalar ita ce ɗaukewar wuta. Ranar da babu wuta, a kai farantin bakin taga ko baranda da safe. Waɗansu sukan haɗa fitilar da farantin sola da batir, wannan kuwa yana aiki. Sai dai wanda ke da wurin ajiye farantin sola a rana, ya duba ko wurin zai ɗauki farantin dashen da kansa, a rufe shi da gidan sauro.

Tumatir yakan isa dasawa bayan mako 4 zuwa 6, in ya yi ganye huɗu ko biyar. Tattasai da attarugu mako 6 zuwa 8. Karas da kuɓewa ba a renonsu haka, a gona ake shuka su kai tsaye. Kada a ɗauki dashe daga ɗaki zuwa rana tsaka a yini ɗaya, ganyensa zai ƙone. A fara fitar da shi inuwa na awa ɗaya ko biyu da safe, a riƙa ƙarawa har kwana 7 zuwa 10, kana a dasa da yamma, a ba shi ruwa nan take. Mai neman sanin irin da ya dace da yankinsa ya tuntuɓi malamin gona na ƙaramar hukumarsa.