Yadda ake haɗa kiɗa ta hanyar rubuta wa kwamfuta umarni

Galibin kiɗan waƙoƙin fina-finan Hausa da na 'yan siyasa a situdiyo ake haɗa shi, da fiyano da manhajoji irin su FL Studio. Sai dai akwai wata hanyar da ba a taɓa fiyano ko kaɗan: mutum zai rubuta wa kwamfuta umarni, ita kuma ta fitar da sautin.

A 1957 ne Max Mathews na cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka ya rubuta manhajar MUSIC. A 1983 aka fito da tsarin MIDI, wanda ya bai wa kowane sauti lamba daga 0 zuwa 127. Lamba 69, alal misali, sauti ne mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa guda.

Da irin waɗannan lambobi manhajar Sonic Pi take aiki, wadda Sam Aaron ya ƙirƙira a Jami'ar Cambridge ta Ingila, kuma kyauta ake sauke ta. Idan aka rubuta "play 60" za ta buga sauti ɗaya, "sleep 0.5" kuma ya sa ta dakata rabin daƙiƙa. A haka ake jera layuka har kiɗa ya tashi. Masu aiki da yaren Python kuwa suna da taskar umarni mai suna music21.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalangu, wanda marigayi Mamman Shata, haifaffen Musawa mazaunin Funtuwa, ya yi tashe da shi har rasuwarsa a 1999. Makaɗi kan matse igiyoyin kalangu a hammatarsa, sautin ya hau ya sauka yadda harshen Hausa ke yi. Lambobin MIDI kuwa matakala ce, don haka dole mai rubutun ya umarci kwamfuta ta zame daga wannan lamba zuwa waccan, ko ya naɗi bugun makaɗi na gaske ya riƙa maimaita shi.

A nan haƙƙi ya shigo. Matashin da ya naɗi gangar noma a ƙauyukan Malumfashi ya gina waƙar sayarwa da ita, da gumin wani ya yi kasuwa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare masu wasa da sautin da aka naɗa, saboda haka a nemi izinin makaɗi, a daidaita kan rabonsa kafin a kunna rikoda.