Ina yunit ɗin wutarmu ke tafiya?

A ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta Najeriya, NERC, ta sanar da cewa masu shan wuta a rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, za su riƙa biyan naira 225 kan kowane yunit, maimakon kimanin naira 68 da suka saba biya. Bayan koke-koke aka rage zuwa naira 206.80 a watan Mayu, sannan a Yuli yawancin kamfanonin rarraba wuta suka tsayar da shi a naira 209.50. A kan wannan kuma akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Magidancin da a da yake loda katin naira dubu goma ya samu yunit sama da 130, yanzu 44 kacal zai gani a fuskar mitarsa. A cikin wannan watan na Yuli ne aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, bayan shekara guda da cire tallafin fetur. Kuɗin wuta ya tashi daga abin da ake biya da canjin cefane, ya koma sahun kuɗin haya da na makaranta.

Duk da haka, gidaje da yawa ba su san me ake nufi da yunit ba, ballantana su san abin da ke cinye shi. Kowane kayan wuta yana da lamba a jikinsa ko a gindinsa, da harafin W a gefe. Wannan lambar ita ce wat, wato ƙarfin da yake ja. Idan aka ninka ta da yawan awannin da kayan ya yi a kunne, aka raba da dubu, an samu yunit. Dutsen guga mai wat 1,000 da ya yi awa ɗaya yana aiki ya sha yunit guda. Fankar sama mai wat 75 sai ta yi sama da awa goma sha uku kafin ta sha hakan.

Daga nan mutum zai gane cewa duk abin da aikinsa samar da zafi ne, shi ne babban maci. Hitar da ake tsomawa a bokiti lokacin hunturu, butar dafa ruwa, rishon lantarki, dutsen guga, duk suna tsakanin wat 1,000 zuwa 2,000. Uwargidan da ta ɗora wake a rishon wat 1,500 na tsawon awa biyu ta ƙona yunit uku, kusan naira 675 a rukunin A, kafin a zo maganar manja da yaji. Cajin waya kuwa, wanda iyaye ke yawan yi wa yara faɗa a kai, ko duk gidan suka jona nasu dare ɗaya da wuya su cinye rubu'in yunit.

Amma ƙananan kaya ma suna da nasu ɓarin, domin su ba a kashe su. Fanka uku da ke juyawa awa goma kullum suna shan yunit kusan 67 a wata, wato wajen naira dubu goma sha biyar. Ƙwai shida irin na da, masu wat 60, idan suka yi awa shida a kunne sun haura yunit biyu a dare guda. Ƙwan LED mai wat 10 yana ba da haske kusan iri ɗaya da kashi ɗaya cikin shida na wannan kuɗin. Firji kuma injinsa tashi yake yana tsayawa, gwargwadon zafin da ke shigar masa. Idan robar bakin ƙofar ta saki, ko an manna bayansa da bango iska ba ta ratsawa, ko ana zuba tuwo da zafinsa a ciki, injin ba zai huta ba, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafin Kano da Sakkwato ke haura digiri 40. A saka takarda a bakin ƙofar a rufe. Idan ta zare cikin sauƙi, robar ta mutu, kuma sauya ta ya fi arha a kan abin da take jawowa. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan sama da wat 1,000. Awa takwas a dare, in zafi bai bar injinta ya tsaya ba, ta kusa yunit tara. A wata guda kuɗinta ya doshi naira dubu sittin, kusan albashin ƙaramin ma'aikaci sukutum.

Wani zai ce to a koma janareta mana. Lissafi bai goyi bayan haka ba. Litar fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai yunit tara, amma ƙaramin janareta yana zubar da mafi yawansa a zafi da hayaƙi da ƙara, da ƙyar yake fitar da yunit biyu daga lita. Da fetur ya haura naira 800 a 2024, yunit ɗin janareta ya kusa ninka na rukunin A, ban da baƙin mai da kuɗin gyara. Wannan ita ce hujjar da gwamnati ta dogara da ita wajen ƙarin kuɗin wutar, kuma a kan takarda gaskiya ce: tela ko mai walda ko mai ƙanƙara da zai samu wuta awa ashirin a naira 209 ya fi wanda ke ɗura fetur samun sauƙi.

Sharaɗin dai shi ne a samu awa ashirin ɗin. Tun 2020 aka raba masu shan wuta rukuni biyar bisa alkawarin awanni: A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ba girman gida ko arzikin mai shi ke sa mutum a rukuni ba, layin da taransifomar unguwarsu ke kai ne. Shi ya sa za ka tarar da mai ɗaki ɗaya da ke sayar da kunun zaki tana biyan farashi ɗaya da otal ɗin da ke bakin titi. A ganina wannan shi ne babban rauni a tsarin, kuma ba a yi masa maganin da ya dace ba. Umarnin NERC ya ce idan kamfani ya kasa cika alkawarin layin rukunin A kwana bakwai a jere, a sauke layin zuwa rukunin da ya dace da wutar da aka samu. Jama'a kaɗan ne suka san da wannan, kuma mafi ƙaranci ne ke rubuta lokacin da aka ɗauke da lokacin da aka kawo. Alhali littafi ɗaya na naira ɗari biyu a hannun mutum biyu ko uku a unguwa, kowa yana rubuta awanni da kwanan wata, ya fi taron zagi a bakin ofis tasiri.

Mu a Arewa mun ga iyakar wannan alkawari a Oktoban 2024. Layin Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya lalace sakamakon ɓarnar da aka yi wa turakunsa, sai kuma layin Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Masu niƙa suka ninka farashi, ƙanƙara ta zama abin nema, shagunan cajin waya suka cika maƙil. Tushen matsalar a fili yake: ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000, mafi yawansa daga tashoshin gas da ke Kudu, sauran daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, kuma layukan da ke hauro da ita Arewa 'yan ƙalilan ne.

Duk wannan lissafin na mai mita ne. Zuwa ƙarshen 2024, fiye da rabin mutum miliyan 13 da ke da rajista da kamfanonin rarraba wuta ba su da ita. Su ana kawo musu bil ne na ƙiyasi, ko sun yi tafiya sun kulle gida, ko taransifoma ta yi sati uku a ƙone. Wanda ke kan ƙiyasi ba shi da dalilin kashe ƙwai da rana, tunda tattalinsa ba zai rage masa ko kwabo ba, kuma wannan asara ce ga kowa. Tun Fabrairun 2020 NERC ta ƙayyade iyakar yunit ɗin da za a iya ƙiyasta wa marar mita, a Fabrairun 2024 kuma ta ci tarar kamfanonin goma sha ɗaya naira biliyan 10.5 saboda sun zarce wannan iyaka, ta umarce su da su mayar wa jama'a rarar. Ana wallafa iyakar kowane layi duk wata, kuma mai bil yana da ikon ya nemi a nuna masa tasa.

Haka batun taransifoma. An saba idan ta ƙone a ga dattawan unguwa suna bi gida-gida da takarda, kowane magidanci dubu biyar ko goma. Hukumar ta sha nanata cewa sayen taransifoma da turaku da wayoyi nauyin kamfani ne, ba na jama'a ba. Na san dalilin da ya sa ake karo-karon: jira yana da tsawo, yara na kuka da zafi, masu sana'a na asara. Amma in har za a yi, a yi shi da rubutacciyar yarjejeniya da kamfanin kan yadda za a mayar da kuɗin ta hanyar yunit, kada a miƙa wa wani ma'aikaci a hannu. Masu zagaye mita su ma su sani cewa nauyin da suke ɗorawa a ɓoye yana cikin abin da ke ƙona taransifomar da maƙwabtansu za su sake haɗa wa kuɗi.

Hanyar ƙorafi a jere take: a fara da sashen koke na kamfanin a rubuce, a karɓi shaidar an shigar, a ajiye kwafi. Idan ba a warware ba, a kai ofishin sauraren koke na NERC da ke yankin, wanda ke zama ya saurari ɓangarorin biyu ba tare da an biya ko sisi ba. A tafi da rasit ɗin katin da aka loda, da bil na watannin baya, da littafin awannin nan da sa hannun waɗanda suka rubuta shi.